MySQL: babban baƙi, ƙaramin baƙi da jerin sunaye sun rikice bayan ƙaura zuwa Linux

Mai_Koyo_KN ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka ƙware a rumbun bayanai. Manhajar rajistar ɗalibai ce da aka rubuta da PHP, an gina ta a kan Windows da XAMPP, yanzu an ɗauke ta zuwa saba mai Ubuntu da MySQL 8.0. An fitar da bayanan da mysqldump, an zuba su a can, zubin ya tafi lafiya. Da aka fara aiki sai abubuwa suka taso.

Shafin farko ma bai buɗe ba, sai wannan: `ERROR 1146: Table 'makaranta.Dalibai' doesn't exist`, alhali teburin yana nan. Idan aka haɗa tsohon tebur da wanda aka ƙirƙira a sabar kuma, sai a ga `ERROR 1267: Illegal mix of collations (utf8mb4_general_ci,IMPLICIT) and (utf8mb4_0900_ai_ci,IMPLICIT) for operation '='`. Lambobin rasit ana haɗa su ne da baƙaƙe manya da ƙanana, amma MySQL ta ƙi karɓar `AB7K` wai ya maimaitu, saboda akwai `aB7k`. Abin da ya fi damun malaman makarantar shi ne jerin sunaye: Ɗanjuma da Ɗanladi suna fitowa can ƙasa bayan Zainab, kuma wanda ya rubuta Danjuma a wurin bincike ba ya ganin Ɗanjuma.

Shin duk cuta ɗaya ce? Kuma akwai saiti guda da zan canza a my.cnf, fayil ɗin saitin MySQL, a huta?

Injiniya_Tudunwada ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba cuta ɗaya ba ce, kuma babu saiti guda da zai warkar da su. Abubuwa uku ne daban da mutane ke cakuɗawa: sunan tebur, tsarin da ake ajiye haruffa da shi, da ƙa'idar da ake kwatanta su ana jera su, wadda kalmar COLLATE ke naɗawa.

Na 1146 ba shi da alaƙa da COLLATE ko kaɗan. MySQL tana ajiye kowane tebur a matsayin fayil, don haka tana bin halin na'urar da take kai. Saitin `lower_case_table_names` yana kan 1 a Windows, 2 a macOS, 0 a Linux. A kan 1, ko ka rubuta `CREATE TABLE Dalibai`, da ƙananan baƙaƙe za a ajiye shi, `dalibai`, kuma kowace irin rubutawa ta same shi. Haka ya fito a fayil ɗin mysqldump, haka ya shiga Linux. Can kuwa `Dalibai` da `dalibai` abu biyu ne. Kada ka je ka sa 1 a my.cnf. Tun daga siga ta 8.0 ana tsayar da wannan saitin ne lokacin da aka fara girka ma'ajiyar bayanai, kuma idan ka canza shi daga baya sabar ba za ta tashi ba. Gyara lambar PHP ɗin, ka mayar da duk sunayen tebur ƙananan baƙaƙe. `grep -rn "Dalibai" .` zai nuna maka wuraren. Ka duba har laƙabin da ake ba tebur, domin `FROM dalibai d WHERE D.aji = 3` yana wucewa a Windows amma yana faɗuwa a Linux. Sunayen kolam ba su da wannan matsalar a kowace na'ura.

Na 1267 kuma, sai ka fara ganin abin da kake da shi kafin ka taɓa komai:

`SELECT table_name, column_name, character_set_name, collation_name FROM information_schema.columns WHERE table_schema = 'makaranta' AND collation_name IS NOT NULL ORDER BY collation_name;`

Za ka ga kashi biyu ko uku. Dalili shi ne XAMPP da MariaDB yake zuwa, ba MySQL ba, kuma teburanka sun taho da `utf8mb4_general_ci` a rubuce a jikinsu. Duk teburin da aka ƙirƙira a sabar ba tare da an faɗi COLLATE ba, ko wanda aka rubuta masa `DEFAULT CHARSET=utf8mb4` kawai, ya ɗauki `utf8mb4_0900_ai_ci`, wanda shi ne na asali a MySQL 8.0. Idan kolam biyu masu ƙa'ida daban suka haɗu a `=`, babu wanda ya fi wani ƙarfi, shi ne ma'anar IMPLICIT sau biyu da ka gani, sai MySQL ta ƙi zaɓa maka.

A nan mutane da yawa ke gudu su yi `ALTER DATABASE ... COLLATE`, su ga babu abin da ya sauya. Wannan umarnin teburan da za a ƙirƙira nan gaba kawai yake shafa. Haka ma `ALTER TABLE ... DEFAULT CHARACTER SET`, kolam na gaba yake shafa. Wanda ke taɓa bayanan da ke ciki shi ne:

`ALTER TABLE dalibai CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_0900_ai_ci;`

Yana sake rubuta teburin gaba ɗaya, kuma ba a iya rubutu a cikinsa har ya gama, don haka a yi shi da dare bayan an ɗauki kwafin ajiya. Idan akwai FOREIGN KEY a kan kolam na rubutu, dole ɓangarorin biyu su kasance da tsari ɗaya da ƙa'ida ɗaya. Sai ka sa `SET foreign_key_checks = 0`, ka juya teburan biyu, sannan ka mayar da shi 1. Bayan haka ka sake ƙirƙirar VIEW da PROCEDURE da TRIGGER ɗinka, domin suna riƙe da ƙa'idar da ke aiki ranar da aka yi su, kuma daga nan ne 1267 ke sake ɓullowa bayan mutum ya ɗauka ya gama.

Lambar rasit ita ce mafi sauƙi. Wutsiyar `_ci` tana nufin ba a bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma UNIQUE da ƙa'idar kolam yake hukunci. Ba wa wannan kolam ɗin tasa ƙa'idar shi kaɗai:

`ALTER TABLE rasit MODIFY lamba VARCHAR(12) CHARACTER SET ascii COLLATE ascii_bin NOT NULL;`

Ka yi wannan bayan CONVERT, ba kafinsa ba, saboda CONVERT yana share keɓantaccen saitin kowane kolam. Imel da sunan shiga su zauna a `_ci`, don kada mutum ɗaya ya buɗe asusu biyu da `Musa@` da `musa@`. Lambar rasit, alamar shiga ta wucin gadi, da duk abin da na'ura ta haɗa da kanta, su zauna a `_bin`, wadda ke bambanta babban baƙi da ƙarami.

Malama_Harshe_da_Lissafi ta amsa:

Injiniya ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara ilimi. Zan tsaya a kan sunayen, domin a nan ne nake ganin CONVERT ɗin zai gyara rabi ya bar rabi, kuma gara mai tambaya ya san haka tun yanzu.

Abin da ya jefa Ɗanjuma bayan Zainab shi ne `utf8mb4_general_ci`. Tsohuwar ƙa'ida ce da aka yi don sauri. Ta san cewa ɗ da Ɗ abu ɗaya ne, amma ba ta san cewa mazauninsu kusa da D yake ba, sai ta jera su da lambarsu ta Unicode. Z tana kan U+005A, Ɓ tana kan U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198, Ƴ U+01B3. Duk sun fi Z girma, don haka duk sai su taru a ƙasa. `utf8mb4_bin` ma haka zai yi, har ya ƙara da raba ɗ da Ɗ. Ƙa'idojin da aka gina a kan tsarin jeri na Unicode, wato `utf8mb4_unicode_ci` mai bin siga ta 4.0.0, `utf8mb4_unicode_520_ci` mai bin 5.2.0, da dangin `0900` masu bin 9.0.0, suna ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ƴ bayan y. Da zarar an juya, jerin zai daidaita: Dauda, Dije, sannan Ɗanjuma, kafin a shiga E.

Binciken kuwa ba zai gyaru ba. Mutane suna ganin `_ai` sai su ɗauka za ta ɗauki ɗ a matsayin d mai ado. Abin da `_ai` ke kawar da kai a kansa shi ne alamomin da ake ɗorawa a kan wasali, irin à da â da ā na karin sauti da tsawo. A wurin Unicode ƙ harafi ne mai cin gashin kansa, ba k da aka yi wa ƙari ba. Gwada da kanka:

`SELECT 'Ƙasa' = 'ƙasa' COLLATE utf8mb4_0900_ai_ci, 'kasa' = 'ƙasa' COLLATE utf8mb4_0900_ai_ci;`

Na farko zai ba da 1, na biyu 0. Kuma ni a ganina hakan ne daidai. Kafa da ƙafa, bata da ɓata, kara da ƙara, ba a so UNIQUE ya ce abu ɗaya ne. Matsalar ita ce magatakarda da iyaye da yawa ba su da baƙaƙe masu ƙugiya a kibod ɗinsu, kuma takardun haihuwa da yawa da D aka rubuta su. Saboda haka kada a taɓa sunan, a yi masa kolam na biyu na bincike kawai:

`ALTER TABLE dalibai ADD suna_bincike VARCHAR(150) GENERATED ALWAYS AS (REPLACE(REPLACE(REPLACE(REPLACE(REPLACE(REPLACE(REPLACE(LOWER(TRIM(suna)),'ƙ','k'),'ɗ','d'),'ɓ','b'),'ƴ','y'),'''',''),'’',''),'ʼ','')) STORED, ADD INDEX (suna_bincike);`

LOWER ya zo a ciki ne da gangan, domin REPLACE a MySQL yana bambanta babban baƙi da ƙarami ko da kolam ɗin `_ci` ne. In ba a fara ƙanƙantar da shi ba, Ɗ zai tsallake. Sannan abin da mutum ya rubuta a wurin bincike a bi da shi ta irin wannan wankin a PHP, da `mb_strtolower`, ba `strtolower` ba, domin na biyun A zuwa Z kawai ya sani.

Ukun ƙarshe a cikin REPLACE ɗin na alamar ɗauri ne irin ta Sa'adatu da Isma'ila da 'Yar'aduwa. Ido yana ganin alama ɗaya, amma iri uku ke shigowa: U+0027 daga kibod na kwamfuta, U+2019 daga Word da wayoyin da ke lanƙwasa ta da kansu, da U+02BC daga wasu kibod na Hausa. Ga kuma bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu, Najeriya na rubuta 'ya, Nijar na rubuta ƴa. Da wannan wankin duka suna komawa `ya` a kolam ɗin bincike, sunan asali kuma yana nan yadda mai shi ya rubuta.

Wuri ɗaya da na saɓa da Injiniya: idan akwai teburin da ke ɗauke da kalmomi masu alamar karin sauti, kamar na darasin Hausa, kada a sa masa `ai_ci`. A sa `utf8mb4_0900_as_ci`, mai kula da alamomin karin sauti, in ba haka ba kalmomi biyu da karin sauti kaɗai ya raba za su yi karo a UNIQUE.

Mai_Koyo_KN ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama. Sunayen tebur sun gyaru. Umarnin information_schema ya nuna wani tebur na tsofaffin ɗalibai yana kan `latin1_swedish_ci`. A shafin manhajar sunayensa suna fitowa daidai, amma a phpMyAdmin Baƙo yana fitowa `BaÆ™o`. In yi masa CONVERT kamar sauran?

Injiniya_Tudunwada ya amsa:

A'a, dakata. Wannan teburin idan ka yi masa CONVERT kai tsaye ka tabbatar da ɓarnar. Malama ta yi gaskiya kan `as_ci`, na karɓa.

Latin1 ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ sam. Abin da ya faru shi ne PHP ta aiko da UTF-8 ta hanyar haɗin da aka bari a kan latin1, MySQL ta ajiye bait ɗin yadda suka zo tana zaton kowane ɗaya harafi ne. A UTF-8, ƙ bait biyu ne, C6 da 99. A latin1 na MySQL, C6 shi ne Æ, 99 kuma ™. Haka ɗ, C9 97, ke zama `É—`, ɓ kuma, C9 93, ke zama `É“`. Manhajar tana nuna su daidai ne saboda ta hanyar da suka shiga suke fitowa. Tabbatar da haka tukuna:

`SELECT suna, HEX(suna) FROM tsofaffi WHERE HEX(suna) LIKE '%C699%' LIMIT 5;`

Idan Baƙo ya ba da `4261C6996F`, bayanan lafiya suke, lakabin da ke kansu ne ƙarya. CONVERT zai ɗauki Æ da ™ a matsayin gaskiya ya mayar da kowanne UTF-8, a ƙare da bait biyar a madadin biyu. Hanyar da ta dace taki biyu ce, a cire lakabin ba tare da taɓa bait ba, sannan a manna na gaskiya:

`ALTER TABLE tsofaffi MODIFY suna VARBINARY(600);`
`ALTER TABLE tsofaffi MODIFY suna VARCHAR(150) CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_0900_ai_ci;`

Kolam na TEXT ya bi ta BLOB. Ka maimaita NOT NULL da DEFAULT idan akwai, domin MODIFY yana zubar da duk abin da ba ka sake faɗa ba. A rana ɗaya kuma ka gyara haɗin, `charset=utf8mb4` a cikin DSN na PDO, ko `set_charset('utf8mb4')` a mysqli. Idan ka gyara teburin ka bar haɗin, ko ka gyara haɗin ka bar teburin, shafin zai cika da tarkace. Inda ka ga alamar tambaya ta gaske a HEX, wato 3F a wurin harafin, wannan ya riga ya salwanta, sai an koma takarda.

Kafin ka juya kowane tebur mai UNIQUE, nemo waɗanda za su yi karo a sabuwar ƙa'idar, don kada ALTER ya yi nisa sannan ya faɗi da 1062, kuskuren maimaici:

`SELECT CONVERT(imel USING utf8mb4) COLLATE utf8mb4_0900_ai_ci AS x, COUNT(*) FROM iyaye GROUP BY x HAVING COUNT(*) > 1;`

Akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. `general_ci` da `unicode_ci` ba sa kula da sararin da ke ƙarshen rubutu, a wurinsu `'Musa '` da `'Musa'` ɗaya ne. Dangin `0900` suna ƙirga shi. Bayan juyawa, JOIN ɗin da ke dawo da layi dubu zai iya dawo da ƙasa da haka ba tare da wani kuskure ya fito ba. Yi `UPDATE ... SET x = TRIM(x)` a kolam ɗin da ake haɗawa da su, ka ƙirga layuka kafin da bayan.

Kuma kada ka saba da manna COLLATE a cikin WHERE ko JOIN don kashe 1267. Indeks a jere yake bisa ƙa'idar kolam ɗinsa, da ka nemi wata ƙa'idar sai MySQL ta ajiye shi ta bi teburin layi-layi, EXPLAIN zai nuna maka `type: ALL`. In dole ne ka nemi daidai baƙi da baƙi a kolam na `_ci`, rubuta sharaɗin sau biyu, `WHERE suna = 'Bala' AND suna = 'Bala' COLLATE utf8mb4_bin`, na farko ya yi amfani da indeks, na biyu ya tace ɗan abin da ya rage.

Dattijo_PG ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙarin bayani ga wanda zai iso wannan zaren alhali ba MySQL yake amfani da ita ba, domin kowace da nata halin.

PostgreSQL a juye take. Kwatancen rubutu a cikinta yana bambanta babban baƙi da ƙarami tun asali, sunan tebur kuma idan ba a sa shi cikin alamar zance biyu ba ana mayar da shi ƙananan baƙaƙe. Wanda ya ƙirƙiri `"Dalibai"` da alamar zance, da ita zai riƙa kiransa har abada. Abin da ta fi MySQL da shi a wurinmu shi ne ICU, kundin ƙa'idojin jeri na harsuna daban-daban, wanda ya shigo a siga ta 10, kuma yana ɗauke da jerin Hausa na musamman, abin da MySQL ba ta da shi. `ORDER BY suna COLLATE "ha-x-icu"` yana ɗaukar sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, ya kuma ajiye 'y tare da ƴ bayan y. Sakamakon haka Sule yana zuwa kafin Shehu, Tukur kafin Tsoho. A tambayi masu amfani da jerin tukuna, domin malamin da ya saba ganin Shehu a saman Sule zai ɗauka manhajar ce ta lalace. Daga siga ta 12 ana iya yin ƙa'idar da ba ta kula da girman baƙi:

`CREATE COLLATION ha_ci (provider = icu, locale = 'ha-u-ks-level2', deterministic = false);`

Sai dai LIKE ba ya aiki a kan irin wannan kolam ɗin kafin siga ta 18. Ga masu tsohuwar siga, indeks na UNIQUE a kan `lower(imel)` ko citext, nau'in kolam da ba ya kula da girman baƙi, ya fi sauƙi. A kula, idan an ƙirƙiri rumbun da saitin harshe na `C`, `lower('Ƙ')` zai dawo da Ƙ yadda yake.

Haɗarin da ya fi girma a PostgreSQL shi ne ɗaga sigar Linux. A 2018 glibc 2.28, ɓangaren Linux da PostgreSQL ke dogara da shi wajen jera rubutu, ta sauya tsarin jerinta, kuma ita ce ta zo da Debian 10 da RHEL 8. Wanda ya kwashe fayilolin rumbun daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, indeks ɗinsa na rubutu yana jere da tsohon tsari, bincike yana tafiya da sabo. Layi yana nan amma ba a ganinsa, UNIQUE kuma ya bar maimaici ya shige. Maganinsa REINDEX na duk indeks na rubutu kafin a buɗe wa jama'a. Zubi ta pg_dump ba ya da wannan matsalar, saboda ana gina indeks ɗin sabo.

A SQL Server, sunan Hausa ya zauna a NVARCHAR, kuma a rubuta shi da N a gaba, `N'Baƙo'`, in ba haka ba harafin zai lalace tun kafin ya isa teburin. VARCHAR yana ɗaukarsa ne kawai idan an zaɓi ƙa'ida mai wutsiyar `_UTF8`, wadda ta fara a siga ta 2019. SQLite kuma, wadda ke cikin manhajojin waya, NOCASE da LIKE da lower() nata haruffa 26 na A zuwa Z kawai suka sani, don haka `'Ƙ' LIKE 'ƙ'` yana ba da 0. A can, kolam ɗin binciken da Malama ta bayyana gara a cika shi daga cikin manhajar.

Kai kuma ɗana mai tambaya, idan makarantar ta nemi jerin Hausa na sosai a kan MySQL, PHP tana da shi ta intl: `new Collator('ha')`. Kada ka jera a PHP bayan LIMIT, domin shafi ɗaya kawai za ka jera. Ajiye abin da `getSortKey($suna)` ya bayar a kolam na VARBINARY mai indeks, ka yi ORDER BY da shi, kuma ka sake cika kolam ɗin duk lokacin da sigar ICU ta sabar ta canza.